Shekarar da Aka Ba da Mu

Bana zafi ya sauko da wuri. Ruwan rijiyar garinmu ya gudu ƙasa, har sai da samari suka samo guntun igiya suka ƙulla a kan ta da. Ni ban je na gani ba, ƙafafun nan sun daina kai ni can. Ji na yi. Duk sa'ad da ƙullin ya zo wucewa ta kan gargaren itacen da igiya ke bi, sai ya buga, ƙwas, sannan ya wuce. Jiya ina zaune da ƙwaryar fura a cinya na ji shi, na ajiye ludayi. Jikata ta tambaye ni ko furar ce ta yi tsami, na ce mata a'a. Wannan ƙarar na san ta, na yi shekaru ina jin ta, kuma na san ranar da ta fara.

Garinmu ƙarami ne, arewa da Dakoro, inda gona ke ƙarewa daji ya fara. Rijiyarmu ɗaya ce tun wancan lokaci, mai zurfin da hannun mutum ba ya iya jan ta. Gwafa biyu aka kafa a bakinta, ɗaya ta mutanen unguwar gabas, ɗaya ta mutanen yamma. Kafin ruwa ya fito sai an haɗa abu uku: doguwar igiya, da wasaki, wato babban gugan fata, da dabbar da za ta ja. Mu muna da dabbar. Wani jan sa ne takarkari, muna ce masa Jatau. Maƙwabcinmu Lawali, mutumin gabas, shi ke da igiya da wasaki, da kuɗin cin rani ya saye su. Tun kafin a kawo ni gidan, maigidana da Lawali suke haɗa aiki. Maigidana, Allah ya jiƙansa, Ɗan Buzuwa ake ce masa. Mutum ne mai shiru, amma in ya kafe a kan magana, ko Jatau ba ya iya jan sa.

Ga yadda muke yi. Da gari ya waye Lawali ya tsaya a bakin rijiya ya saki wasaki. Ni in kama Jatau, igiya ɗaure a jikinsa, in yi ta tafiya da shi har gindin wata aduwa. Can sai in ji Lawali ya yi kira, in tsaya, shi da maigida su rungumo wasakin su juye a kwamin shayar da dabbobi. In na gaji, Rabi matar Lawali ta karɓe ni. Dabbobinsu su sha, namu su sha, mu cika tuluna, Jatau ya sha daga ƙarshe. Ban taɓa jin an yi lissafin wa ya fi wani ɗiba ba.

Daminar shekarar nan ta yi mana kyakkyawar shiga, ta yaudare mu. Mun yi shuka, mun yi noman fari, gero ya tashi baƙi ƙirin har mutane suka fara gyaran rumbu. Yana fara fitar da kai ruwa ya ɗauke. Kullum da la'asar hadari ya haɗu a gabas, mu kwashe shanya, iska ta zo ta watsa shi. Ganye ya nannaɗe. In ka matsa zangarniya sai ƙaiƙayi ya zubo maka a hannu. Abin da muka ɗaure a gonarmu, ni da kaina na kawo shi gida a ka, ban nemi jaki ba.

Tun sanyi bai fita ba muka koma ga anza. Wanda bai ci anza ba, Allah ya sa kada ya ci. Ƴaƴan wani itacen daji ne masu ɗacin tsiya. Sai an fasa, an jiƙa, ana zubar da ruwan ana sake wani kwana da kwanaki kafin ta ciwu, kuma ko ta ciwu ɗacin yana nan maƙale a maƙogwaro. Ka ga ke nan ita ma ruwa take ci. Da safe ɗan kunu tsararo, da dare anza da gishiri, in an samu ganyen jiga a haɗa. Dabbobi kuwa sun cinye karan gona, sun koma lasar ƙasa. Muka sayar da awaki ɗaya bayan ɗaya a kasuwar Dakoro, a kan kuɗin da ba ya cika kwano da hatsi. Saniyarmu ta bi su. Jatau kaɗai ya rage, shi kam maigida ya ce ko da za mu ci ƙasa ba za a taɓa shi ba, don shi ne ruwanmu, shi ne kuma abin da ya sa ake ƙirga mu cikin masu aiki a bakin rijiya. Rufin rumfar ƙofar gida muka dinga zara muna ba shi.

Cikin wannan hali zaɓen shugaban ƙasa ya iske mu. Garinmu kuwa tun wata tsohuwar rigimar maigari, duk abin da gabas ta ɗauka, yamma sai ta ɗauki kishiyarsa. Manyan ƴan takara biyu ne, gabas ta kama ɗaya, yamma ta kama ɗayan. Mu sunansu ma ba mu cika faɗa ba, sai dai a ce na gabas, a ce na yamma. Shi kuwa maigidana, da yake ba ya bin hanyar da kowa ke bi, sai ya ɗauko wani na uku. Wata ranar kasuwa ya ji shi yana jawabi a kan mota a Dakoro. Ya dawo yana cewa mutumin ya san wasaki, ya san burtali, ya ambaci rijiyoyin arewa da sunansu. Tun daga ranar ya liƙa hotonsa a jikin rumbunmu wanda babu komai a ciki. Na ce masa ko hoton ne zai cika rumbun.

Masu bin na ukun nan ƴan tsiraru ne a garin, gidaje kaɗan, yawanci masu kiwo. Ƴan rakiya ake ce musu, wai sun rako masu zaɓe. Lawali kansa yakan tsokane shi a bakin rijiya, ya ce ko mutumin nasa ya sayi rigar rantsuwa. Maigida ya yi murmushi ya juye wasaki. Ba wanda ya ɗauke su da zafi, don ba su tare wa kowa komai ba.

Aka yi zagayen farko. Ba wanda ya samu rabin ƙuri'a tsakanin manyan biyu, sai an sake. Mutumin maigida ya zo na uku, ya fita daga takara, amma abin da ya samu ya isa ya rinjayar da duk ɓangaren da ya jingina da shi. Wayyo, ka zo ka ga yadda ƴan rakiya suka zama ƴan gata! Ƙofar gidanmu da ko kare ba ya tsayawa, sai ga takalma. Mutanen gabas suka zo da sukari da ganyen shayi. Alhaji Mati, jagoran yamma, wanda bai taɓa amsa gaisuwata da baki ba, ya zo da kansa da kwanon masara, yana ce mini uwargida. Na daka masarar nan na yi tuwo, yara suka ci har suka yi barci a zaune. Maigida yakan saurari kowa, ya ce shi yana jiran ya ji dalilin da mutuminsa zai kawo, sannan ya auna da hankalinsa.

Dalili bai zo ba, sanarwa ce ta zo. Wata la'asar muna ƙofar gidan Lawali, don shi ke da rediyo, mai fassara labarai daga Yamai ya ce na uku ya gana da na yamma, sun daidaita, ya ba shi mutanensa. Haka ya faɗa, ban ƙara ko harafi ba: ya ba da mutanensa. Maigida ya sa aka ƙara murya, ko za a maimaita da wata kalma. Aka maimaita da ita.

"Ya ba da wa?" in ji shi. "Ni akuyar gidansu ce?"

Ba wanda ya yi dariya. Lawali ya kashe rediyon, ya shiga gida.

Washegari na kama Jatau muka nufi gwafar gabas kamar kullum, sai na tarar da raƙumi ɗaure da igiyarmu. Igiyar Lawali ce, amma bakina ya saba cewa tamu. Wani mai hali na jam'iyyar su Lawali ne ya aiko da raƙumin. Lawali yana bakin rijiya, ya ƙi ɗaga kai. Rabi ce ta biyo ni bayan danga ta gaya mini abin da ya faru. Shugaban kwamitinsu ya ce buhunan dusa da hatsin da jam'iyya ta kawo, ba za a ba duk wanda ke haɗa igiya da waɗanda aka bayar ba. Rabi tana goyo, nononta ya ƙafe, surukarta na kwance. Tana faɗa tana kuka. Na so in zage ta, wallahi na so, amma na dubi wuyan yaron da ke bayanta na haɗiye.

Ranar ba ta faɗi ba Alhaji Mati ya aiko. Ya ce ai yanzu an zama ɗaya, a kawo Jatau gwafar yamma, igiya na nan, dusa na nan. Ni har na fara neman gyalena. Maigida ya ce wa ɗan aiken ya gaida Alhaji, amma shi ba a ba da shi ba. Ya ce shi na uku ya zaɓa, bai zaɓi na yamma ba, kuma ranar da ya ɗaura sansa a gwafar yamma ya amsa ke nan cewa shi kaya ne. Ya ce Lawali zai dawo, a bari ƙurar zaɓe ta kwanta.

Na yi masa faɗa irin wanda ban taɓa yi ba. Na ce shi wanda ya ba da ku yana can Yamai yana shan ruwan sanyi, bai san da kai ba, bai san da Jatau ba, kai kuwa kana nan kana fushi da rijiya. Na ce sa ba ya shan mutunci. Ya bar ni na gama, ya ɗauki butarsa ya tafi masallaci. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma abin haushin, can cikin zuciyata na san ba ƙarya ya faɗa ba.

Ruwan sha na gida ba a hana mu ba, garin bai lalace har can ba. In na kai tulu gabas, wata ta cika mini tana kallon gefe. In na kai yamma, a cika mini da habaici. Amma tulu ba ya shayar da sa a cikin bazara. Sai muka koma kai shi wata rijiyar Fulani a cikin kwari, tafiyar da in ka fita da sassafe sai rana ta take kafin ka isa. Mu je yau, gobe ya huta, jibi mu koma. Rairayi yana ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Iska in ta buso kamar daga bakin murhu take. Fulanin suna da kirki, sukan bar shi ya sha bayan nasu, amma abin da ya sha a can, hanya ke shanye shi kafin mu iso gida. Tozonsa ya kwanta gefe guda. Haƙarƙarinsa suka fito. Duk ranar hutunsa maigida sai ya ja shi zuwa kusa da gwafar gabas, su tsaya su biyu a rana har a gama ɗiba su dawo. Wai don Lawali ya gan su.

A irin wannan shekara dabba ba ciwo ke kashe ta ba, kwanciya ce. In ta kwanta da dare, da safe ƙafafunta su kasa ɗaga ta. In aka tashe ta tsaye, sai ta yini tana tafiya, har ta kai damina. In aka bar ta a ƙasa rana ta hau kanta, shi ke nan. Tayar da sa kuwa aikin maza ne da yawa: a zura itace ɗaya ƙarƙashin ƙirji, ɗaya gaban ƙafafun baya, mutum a kowane bakin itace, wani ya kama wutsiya, a ɗaga gaba ɗaya. A garinmu ba a roƙon wannan. Ka tsaya a ƙofar gida ka ce sa ya kwanta, duk wanda ya ji ya taho da itacensa.

Jatau ya kwanta ranar zagaye na biyu.

Maigida ya fita ya yi kira. Ba kowa a unguwa, maza duk suna lakwal, wato makarantar boko, inda aka ajiye akwatin zaɓe, kowane ɓangare ya tattara nasa cikin layi tun da asuba, ana tsaron kada ko ɗaya ya zame. Muka gwada mu biyu. Jatau ya yunƙura, ya kafa gwiwa, ya koma. Na ce wa maigida ya je ya dangwala yatsan nan a tawada, ya jefa wa duk wanda ya ga dama, ko takardar banza ce, ya nuna wa Alhaji hannu, su zo su ɗaga mana. Ya ce in ya shiga layin nan yau, kowa zai ce kayan da aka bayar sun iso. Ya tsuguna ya kama tsinke kaska a kunnen san.

Ni na tafi. Na ɗauki katina na shiga layin mata, rana tana dukan ƙeyata, cikina ba komai sai ɗan kunu tsararo. Da na shiga bayan labule na ɗauki takardar na yamma na sa a ambulan. Ko fuskarsa ban tsaya duba ba, ni Jatau na jefa wa. Na fito na nufi Alhaji Mati yana zaune a inuwar mota, na miƙa masa yatsana har kusa da hancinsa, na ce sanmu ya kwanta. Ya yaba mini, ya ce haka ake son mace mai hankali. Sannan ya tambaya ina hannun maigidan. Na ce yana gida wajen sa. Ya ce to, ba zai iya cire mutum ko ɗaya daga nan ba sai an rufe akwati an ƙirga, amma da an gama za su zo. Na ce kafin nan rana ta gama da shi. Ya ce Allah ya kiyaye.

Da zan fita na hangi Lawali a layin gabas. Ban yi masa magana ba. Na dai faɗa da ƙarfi, ga duk mai kunne, cewa Jatau ya kwanta.

Na koma na tarar maigida ya cire rigarsa ya kafa ta a kan sanduna yana yi wa san inuwa. Na ɗiga masa ruwan tulu a baki, ya lasa, ya kasa haɗiya sosai. Rana ta take. Ƙudaje suka taru a idonsa. Bayan azahar sai ga Lawali, tawada a yatsa, itace a kafaɗa, igiyarsa naɗe a ɗaya kafaɗar, Rabi na bin sa. Ya bari sai da ya jefa ƙuri'arsa, shugabansu ya ga hannunsa, sannan ya sulale. Bai yi sallama mai tsawo ba. Suka zura itatuwa. Maza biyu a gaba, ni da Rabi a baya, ba mai kama wutsiya. Muka ɗaga. Mutum huɗu da suka yi wata da watanni suna cin anza, ina ƙarfin yake? Gabansa ya tashi, bayansa ya rinjaye mu, Rabi ta faɗi a kan gwiwa. Muka sake, muka kuma sakewa. Daga baya ko yunƙurin taimakonmu ya daina yi, ya miƙe wuya a ƙasa, numfashinsa ya koma sama-sama.

Lawali ne ya fara cewa a yanka kada ya zama mushe. Maigida ya shiga ɗaki ya ɗauko wuƙa. Aka nemi abin ɗaure ƙafafu, duk igiyoyin gidanmu sun ruɓe. Lawali ya sauke tasa daga kafaɗa. Ya zo da ita ne don in san ya tashi su wuce rijiya a shayar da shi, kowa ya gani. Ya kama bakinta, daidai wurin da ake ɗaura wa Jatau, inda gumin san ya mai da ita baƙa, ya auna gaba biyu ya yanke.

"Ɗan Buzuwa," ya ce, "na makara."

"Ka zo dai," in ji maigida.

Ni na juya baya, ban kalla ba. Naman ba kitse ko na shafa wa tukunya, jajir, yana yauƙi. Muka raba wa gabas da yamma, kowa ya karɓa. Wajen magariba mutanen Alhaji suka iso da itatuwansu, suna murna sun ci akwatin garin, suka tarar ana shanya fata.

Bayan ƴan kwanaki rediyo ya ce na yamma ya ci ƙasa, kuma da ƙuri'un na uku ya haye. Shi na ukun aka ba shi wata babbar kujera. Muka ji muryarsa yana gode wa mutanensa da suka bi umarninsa kamar mutum ɗaya. Maigida ya tashi ya je ya ɓamɓare hoton daga jikin rumbu. Bai yaga ba, ya ninke ya toshe wata ɓula da ɓera ke shiga. Mai raƙumi ya aiko aka tafi da raƙuminsa tun da zaɓe ya wuce, buhunan dusa ma ba a sake ganin su ba, a gabas ko a yamma.

Aka bar Lawali da igiya ba dabba, mu kuwa ba ko ɗaya. Ya samo aron jakuna biyu, ya zo ƙofar gida ya kira maigida, suka tafi rijiya kamar ba abin da ya faru. Da aka saki wasaki sai ya tsaya yana lilo, bai taɓa ruwa ba. Rijiya ta ja baya, igiya kuma ta rage tsawo. Maigida ya dawo gida ya ɗauko guntun nan inda na rataye shi, da jinin a jiki, suka ƙulla. Ni ce na kora jakunan. Ina cikin tafiya zuwa gindin aduwa na ji ƙullin ya hau gargare ya buga a bayana, ƙwas. Haka ya dinga yi a kowane wasaki, har igiyar ta mutu.

Damina ta zo a ƙarshe, mai kyau kuwa, ciyawa ta fito har gwiwa a daidai wurin da aka yi yankan. Maigida bai sake mallakar sa ba har ya bar duniya, bai kuma sake sa yatsansa a tawada ba. Ni na sa nawa sau da yawa bayan nan, ba zan ce na san abin da na saya da shi ba.

Yanzu akwai famfo mai aiki da hasken rana a bakin gari, na mutane. Dabbobi har yau rijiyar nan suke sha. Yau da safe jikata ta dawo daga can tana dariya, ta ce samari na gardamar wa ya iya ƙulli, wai nasu ba ya kwancewa. Ta ce in ƙarar ce ke hana ni shan fura, za ta gaya musu su sassaƙe shi ya daina bugawa.

Na ce ta bar shi ya buga.